MADAFA BA MURHU: TARIHIN AƘIDAR CIN ƊANYEN ABINCI A TURAI DA AMURKA

Gabatarwa

A bakin Bahaushe kalmar "ɗanye" ba kasafai take zuwa da yabo ba. Wanda ya yi ɗanyen aiki ya yi ɓarna ke nan, alƙalin da ya yanke ɗanyen hukunci ya yi gaggawa ko zalunci, yaro mai ɗanyen kai kuwa shi ne wanda hankali bai game jikinsa ba tukuna. Abin da ya nuna, ko ya dahu, shi ake ɗauka kammalalle. Wannan fahimta ba ta Hausawa ce su kaɗai ba, domin masu nazarin al'adu ba su taɓa iske wata al'umma a bayan ƙasa wadda ba ta dafa abinci ba.

Saboda haka abin mamaki ne ƙwarai a ce a ƙarshen ƙarni na 19, a ƙasashen da suka fi kowa arzikin kwal da murhun ƙarfe, aka sami likitoci da marubuta waɗanda suka tashi haiƙan suna wa'azin cewa wuta ita ce abokiyar gābar abinci. Wannan lacca za ta bi tarihin aƙidarsu tun daga Suwizalan da Jamus har zuwa Amurka. Za ta kuma shiga ta ƙofar madafa ne, watau ta dubi kayan aiki da kayan abincin da mabiya aƙidar suka riƙa tanada a kowane zamani. Dalilin yin haka shi ne, mai aƙida yana iya rubuta abin da ya ga dama a littafi, amma kayan da ke jere a kan kantarsa su ne shaidun da ba su san ƙarya ba. Abin da shaidun nan suka nuna kuwa shi ne, ba a taɓa kashe wutar ba. Matsar da ita aka yi zuwa inda mai ci ba ya ganinta.

1. Zamanin nama da tafasa

Kafin a gane abin da masu cin ɗanye suka yi wa tawaye, tilas ne a san ra'ayin da ke mulki a lokacin. Mashahurin masanin haɗa sinadarai na Jamus, Justus von Liebig (1803-1873), ya koyar da cewa sinadarin gina jiki, watau furotin, shi ne tushen ƙarfin ɗan Adam, nama kuma shi ne sarkin abinci. A 1865 har aka kafa kamfani da sunansa, wanda ke dafa naman shanu a Fray Bentos ta ƙasar Yurugwai, ya ƙafar da romon, ya aiko da shi Turai a matsayin maganin ƙarfi. Almajirinsa Carl von Voit ya ƙayyade cewa ma'aikaci matsakaici yana bukatar giram 118 na furotin kowace rana, aka kuwa riƙi wannan adadi tamkar doka a barikokin soja da asibitoci. Ganye da 'ya'yan itace kuma, tun da akasarinsu ruwa ne, sai aka ɗauke su kayan marmari kawai, ko kuma abincin wanda bai sami nama ba.

Ban da raini, akwai kuma tsoro, tsoron nan kuwa yana da hujja. A daidai wannan zamani ne Louis Pasteur a Faransa da Robert Koch a Jamus suka tabbatar da cewa ƙwayoyin cuta, waɗanda ido ba ya gani, su ke haddasa annoba. A 1882 Koch ya gano ƙwayar tarin fuka. A 1892 kwalara ta faɗa wa birnin Hambag ta kashe mutum wajen 8,600 cikin 'yan makonni, alhali kuwa garin Altona da ke manne da shi, wanda ke shan ruwan kogi ɗaya amma tatacce, ya tsira da asara kaɗan. Darasin da jama'a suka ɗauka a fili yake: a tafasa ruwa, a tafasa madara, a dafa kayan lambu har su yi lugub. Likitan da ya ba majinyaci ɗanyen ganye a wancan lokaci, ganin mai wasa da rai ake yi masa.

2. Likitan Zurik

An haifi Maximilian Oskar Bircher a garin Aarau na Suwizalan a 1867. Ya yi karatun likita a Zurik, a 1891 kuma ya buɗe wurin duba marasa lafiya a unguwar ma'aikatan masana'antu ta birnin. Bayan ya auri Elisabeth Benner sai ya haɗa sunanta da nasa bisa al'adar ƙasar, ya zama Bircher-Benner. Kamar yadda shi da kansa ya ba da labari, ya taɓa kwantawa da ciwon shawara har abinci ya fita daga ransa, babu abin da ya iya shiga cikinsa sai ɗanyar tuffa, da ita kuma ya murmure. Daga nan ya fara gwada ɗanyun 'ya'yan itace da ganyaye ga masu ciwon ciki waɗanda magani ya gaza a kansu, ya ga waɗansu suna samun sauƙi.

Ganin sauƙi abu ɗaya ne, bayyana dalilinsa kuma wani abu ne dabam, a nan ne kuma likitan ya yi tuntuɓe. Ya ɗauko ilmin kimiyyar zafi da ƙarfi, wanda ake yayi a lokacin, ya gina ra'ayi a kansa. A cewarsa, tsiro yana tara hasken rana a cikin ganyensa da 'ya'yansa, wannan tararren haske kuwa shi ne ainihin abin da ke rayar da jiki. Duk sa'ad da aka dafa abinci, ko aka adana shi ya daɗe, ko dabba ta ci shi ta mayar da shi nama, to, darajar hasken tana raguwa. Bisa ga wannan ya kasa abinci daraja-daraja: ɗanyun 'ya'yan itace da ganyaye a sama, gurasa da dafaffen kayan lambu a tsakiya, nama a can ƙasa. Watau dai ya kifar da tsanin Liebig, kai ya koma ƙasa.

A 1900 ya gabatar da wannan ra'ayi gaban ƙungiyar likitocin Zurik, suka yi watsi da shi, suka ce ya fita daga da'irar kimiyya. Bai karaya ba. A 1903 ya buga littafi a kan ra'ayin nasa, a 1904 kuma ya buɗe babban gidan jinya a kan tudun da ke kallon birnin, ya sa masa suna da Jamusanci Lebendige Kraft, ma'ana "rayayyen ƙarfi". Dokokin gidan masu tsanani ne. Ana tashi da ƙarfe 6 na safe a yi tattaki kafin karin kumallo, a yi aikin lambu, a sha hantsi, a kwanta da ƙarfe 9 na dare. Babu giya, babu taba, babu gahawa. Marubucin nan na Jamus, Thomas Mann, ya yi jinya a gidan a 1909, ya kuma kwatanta shi da kurkuku mai tsabta. Duk da haka masu hannu da shuni suka yi ta tururuwa daga sassan Turai, domin cututtukan da suka kawo, irin su taurin ciki da ƙiba da ciwon gaɓoɓi, galibi na masu yawan ci ne da ƙarancin motsi.

Ya kamata a lura da wani abu wanda magadansa suka manta. Bircher-Benner bai rushe murhun gidansa ba. Zallar ɗanyen abinci magani ne da yakan ɗora wa majinyaci na ɗan lokaci. Ƙa'idarsa ta yau da kullum ita ce a fara kowane cin abinci da ɗanye, sa'an nan dafaffen dankali da kayan lambu da gurasa su biyo baya.

3. Abin da ke cikin tasar

Abincin da ya fitar da sunan likitan a duniya shi ne wanda ake kira muesli, kalmar da a Jamusancin Suwizalan take nufin ɗan fate-fate. Ya ce wajen makiyayan tsaunuka ya ga irinsa. Ga yadda ake haɗa na mutum ɗaya: a jiƙa cokali 1 na hatsin nan na ƙasashen sanyi da ake kira ot, dangin alkama da sha'ir, cikin cokali 3 na ruwa har awa 12, a zuba ruwan rabin lemun tsami da cokali 1 na madarar gwangwani mai kauri mai sukari, a goga tuffa kamar giram 200 a kai, da ɓawonta da cibiyarta duka, ana gogawa ana juyawa don kada ta yi baƙi, a barbaɗa cokali 1 na gogaggen almon ko danginsa, a ci nan take. Wanda ya san gumba, wadda ake yi da ɗanyen gero dakakke, ba zai ga wannan tasa baƙuwa ƙwarai ba, sai dai a nan hatsin ɗan rakiya ne, tuffar ita ce abincin.

Kayan aikin madafar ba su da yawa: wuƙa, da tasa, da magogi. Magogin ma sai da likitan ya sa aka ƙera wani na musamman a shekarun 1920, mai mayar da tuffa kamar kunu, wanda aka riƙa kira da sunansa a gidajen Suwizalan. To, amma a sake duban kayan haɗin ɗaya bayan ɗaya. Hatsin ot da ake sayarwa a murje, a masana'anta ake turara shi kafin a murje shi, in ba haka ba man da ke cikinsa ya kan sa shi ɗaci. Madarar gwangwani dafaffiya ce, an ƙafar da ruwanta an cika ta da sukari, sana'ar da waɗansu 'yan'uwa Amurkawa masu suna Page suka kafa a garin Cham na Suwizalan a 1866. Bircher-Benner ya zaɓe ta ne da gangan, domin ya san ɗanyar madarar zamaninsa tana iya ɗaukar tarin fuka. Lemun tsami kuwa ba ya yi a Zurik. Daga Italiya ake kawo shi, hanyar kuwa ta yi sauƙi ne bayan da aka buɗe ramin dutsen Gotthard a 1882, jiragen ƙasa masu cin kwal suka riƙa ratsawa. Ashe ke nan tasar da aka kafa aƙidar cin ɗanye a kanta, kayan haɗinta biyu sun sha wuta a masana'anta, na uku kuma wuta ce ta jawo shi zuwa kasuwa.

4. Bitamin ya wanke likita, bai wanke dalilinsa ba

Ba a daɗe ba kimiyya ta fara matsowa kusa da likitan da aka yi wa dariya. A 1904 Russell Chittenden na Jami'ar Yale a Amurka ya nuna, ta hanyar gwaji a kan sojoji da 'yan wasa, cewa mutum yana zama lafiya lau da kamar rabin furotin ɗin da Voit ya ƙayyade. A 1907 waɗansu likitocin Norwe biyu, Axel Holst da Theodor Frølich, suka ciyar da ɓerayen Masar da hatsi zalla, sai dabbobin suka kamu da ciwon nan mai kumbura dasashi da zubar da haƙora wanda ya daɗe yana hallaka matuƙan jiragen ruwa. Da aka ba su ɗanyen kabeji ko ruwan lemo, sai ciwon ya kau. A 1912 Casimir Funk ya ƙirƙiro kalmar bitamin. A farkon shekarun 1930 aka tabbatar da sinadarin bitamin C, Albert Szent-Györgyi ya karɓi lambar Nobel a 1937 saboda aikinsa a kai. An kuma gano cewa wannan bitamin ba ya jure doguwar dahuwa, yana kuma narkewa ya bi ruwan da ake tsiyayewa.

Saboda haka kafin Bircher-Benner ya rasu a 1939, ya ga an yarda da rabin maganarsa. Lalle akwai wani abu a ɗanyen ganye da 'ya'yan itace wanda tukunya ke ɓatawa. Amma abin nan sinadari ne wanda ake iya aunawa da ma'auni, kaɗan ne kuma jiki ke bukata, babu ruwansa da tararren hasken rana. Bambancin yana da muhimmanci. Idan bitamin ne dalili, to, lemo ɗaya ko biyu tare da dafaffen abinci sun wadatar. Idan kuwa wani ɓoyayyen rai ne wuta ke kashewa, to, kowace loma dafaffiya gawa ce, babu kuma iyaka ga abin da za a haramta. Likitoci suka ɗauki fassarar farko. Masu aƙida suka riƙe ta biyu.

5. Daga Jamus zuwa Kalifoniya

Bircher-Benner reshe ɗaya ne na wata babbar guguwa da ta taso a ƙasashen masu jin Jamusanci, wadda ake kira Lebensreform, watau gyaran rayuwa. Mutanen birni ne waɗanda hayaƙin masana'anta da cunkoso suka gundura, suka shiga begen komawa ga ɗabi'a. A 1893 waɗansu suka kafa unguwar masu lambu da ƙin nama mai suna Eden kusa da Balin. A 1900 waɗansu suka tare a wani tudu a Ascona. Aka kuma buɗe kantuna na musamman masu sayar da busassun 'ya'yan itace da man ganye da gurasar da ba a cire wa dusa ba. Tun daga nan aƙidar ta haifi kasuwarta.

A cikinsu akwai waɗanda suka wuce gona da iri. Wani Bajamushe mai suna August Engelhardt ya yanke cewa kwakwa, tun da ita ta fi kowane abinci kusa da rana, ita kaɗai ta ishi ɗan Adam. A 1902 ya tafi wani ɗan tsibiri mai suna Kabakon a yankin Niyu Gini da Jamus ke mulka, ya gayyaci mabiya. Waɗansu daga cikin waɗanda suka amsa kira suka mutu, saura suka gudu, shi kansa ya ƙare a rame da gyambuna, ya rasu a 1919. Garin neman ƙiba an samo rama.

Inda aƙidar ta sami ƙasa mai albarka shi ne kudancin Kalifoniya, inda sanyi ba ya hana lambu, lemo da inabi da dabino kuma suke arha. Arnold Ehret, mai wa'azin azumi da cin 'ya'yan itace, ya koma Los Anjalas a 1914. Wajen ƙarshen Yaƙin Duniya na Farko wasu ma'aurata, John da Vera Richter, suka buɗe gidan sayar da abinci marar murhu a birnin, mai suna Eutropheon, wanda ya yi fiye da shekara 20 yana ciniki. A 1925 matar ta buga littafin girke-girken da ba a ɗora tukunya. Bayan Yaƙi na Biyu sai Ann Wigmore, wadda aka haifa a Lituweniya a 1909, ta kafa cibiya a Bostan, ta yayata shan ruwan ɗanyen ganyen alkama da cin tsiron ƙwayoyi. Da'awarta ta kai ga cewa tsarinta yana iya raba mai ciwon sukari da allurar insulin, har hukumar shari'a ta jihar ta gurfanar da ita gaban kotu a shekarun 1980.

A Amurka ne kuma aka yi wa tsohon ra'ayin hasken rana sabuwar riga. Wani mai suna Edward Howell, wanda littafinsa ya fito a 1985, ya ce ɗanyen abinci yana ɗauke da nasa sinadaran narkarwa, waɗanda ake kira inzayim, zafi kuma yana kashe su. Daga nan aka sami dokar da mabiya suka riƙe, cewa kada zafin abinci ya wuce kamar digiri 48 a ma'aunin Salshiyos. Gaskiya ne zafi yana lalata waɗannan sinadarai. Abin da aka ƙi faɗa shi ne, ruwan tsamin da ke cikin tumbi ma yana lalata akasarinsu, jiki kuma da kansa yake ƙera waɗanda yake narkar da abinci da su.

6. Madafar lantarki

Mutum ba zai iya wuni yana tauna ɗanyen kabeji da karas har ya ƙoshi ba, sai muƙamuƙinsa ya gaji kafin cikinsa ya cika. Abin da ya mayar da cin zallar ɗanye abu mai yiwuwa ga ma'aikacin ofis shi ne lantarki. A 1922 Stephen Poplawski ya ƙera na'urar markaɗe mai wuƙaƙe a gindin kofi, wadda ta bazu a gidajen Amurka bayan 1937. A 1927 firji mai sauƙin kuɗi ya fara shiga gidaje. A shekarun 1930 aka fito da na'urar tatsar ruwan karas da ganyaye. Daga bisani aka ƙaro na'urar busarwa, wadda ke hura iska mai ɗumi a kan faifai-faifai.

Littattafan da suka yawaita a shekarun 1990 da 2000 kusan duk bakinsu ɗaya game da abin da sabon mabiyi zai tanada. Ta fuskar kayan aiki, ana bukatar na'urar markaɗe mai ƙarfi, da ta tatsa, da ta busarwa, da babban firji, da wuƙaƙe masu kaifi, da magogi, da kwalabe masu faɗin baki don tsirar da ƙwayoyi, da ƙyallen tata. Ta fuskar kayan abinci kuwa, ban da ganyaye da 'ya'yan itacen da ake saye kusan kullum, akwai almon da yazawa da riɗi da 'ya'yan kabewa, da dabino da zabibi, da piya da kwakwa da man zaitun da aka tatsa ba da zafi ba. Ayyukan madafar huɗu ne: jiƙawa, tsirarwa, markaɗawa, busarwa. Ana jiƙa almon ya kwana a markaɗa a tace ya zama madara. Ana kwaɓa niƙaƙƙun ƙwayoyi a shimfiɗa a na'urar busarwa su yi yini ko kwana kafin su zama abin da ya yi kama da gurasa.

Duk wanda ya dubi wannan jeri da idon basira zai ga abu biyu. Na farko, na'urorin suna yin wani ɓangare ne na aikin da tukunya ke yi, watau farfasa abinci da tausasa shi don hanji ya iya tatsarsa, ƙarfin da ke juya su kuwa galibi daga tashar da ke ƙona kwal ko gas yake zuwa. Na biyu, kayan da ake kira ɗanyu ba duka ne ɗanyu ba. Ƙwallon yazawa yana da wani mai a ɓawonsa wanda ke ƙona fata, don haka sai an turara shi ko an gasa kafin a fasa. Mai yawa daga cikinsa a Afirka ta Yamma ake nomawa, har da Nijeriya, a yi jigilarsa zuwa Indiya da Biyetnam a turara a ɓare, sa'an nan ya isa kantunan Turai da Amurka da tambarin "ɗanye". Almon ɗin Kalifoniya ma, bayan ɓarkewar ciwon ciki da aka danganta da shi a 2001 da 2004, doka ta tilasta tun daga 2007 a kashe ƙwayoyin cutar da ke jikinsa, da tururi ko da magani, kafin a sayar da shi a kasuwannin Amurka.

7. Abin da awo ya nuna

Bincike mafi girma a kan masu wannan tsari an yi shi ne a Jami'ar Giessen ta Jamus, aka buga sakamakonsa a 1999. An duba mutum 513, maza 216 da mata 297, waɗanda kashi 70 zuwa 100 cikin 100 na abincinsu ɗanye ne. An tarar tun da suka fara, maza sun zubar da kilo 9.9 a matsakaici, mata kuma kilo 12, gwargwadon yawan ɗanyen da mutum ke ci gwargwadon ramarsa. Kimanin kashi 30 cikin 100 na matan da ba su kai shekara 45 ba, hailarsu ta rikice ko ta ɗauke ɗungum, wanda alama ce ta jikin da ba ya samun isasshen ƙarfi. Wani rahoto na masu binciken a 2005 ya nuna kitsen jininsu ya yi ƙasa, abin da ke da kyau ga zuciya, amma kashi 38 cikin 100 suna da ƙarancin bitamin B12, wanda jini da jijiyoyi ke bukata. Waɗannan kuwa mutane ne da ke da firji da na'urori da kasuwar da ba ta san rani ba.

Dalilin ramar ba ɓoyayye ba ne. Dahuwa tana kumbura sitacin hatsi da dankali ya zama mai narkewa, tana kuma warware furotin. Wani gwaji da aka yi a Beljiyam a 1998 ya nuna jiki yana amfana da kashi 91 cikin 100 na furotin ɗin dafaffen ƙwai, amma kashi 51 kawai na ɗanye. Sinadaran amfani da ke cikin tumatir da karas sun fi fita bayan an dafa su da ɗan mai. Waɗansu abinci ma guba ne kafin a sarrafa su: jan wake ɗanye yana sa amai da zawo, rogo mai ɗaci kuma yana ɗauke da gubar da ke iya kisa in ba a jiƙa shi an shanya ko an dafa ba. A 2009 Richard Wrangham na Jami'ar Habad ya kafa hujja da irin waɗannan bayanai cewa ƙananan haƙoran ɗan Adam da gajeren hanjinsa sun dace ne da dafaffen abinci. Masana suna jayayya a kan lokacin da girki ya fara, amma a 2012 an ba da rahoton toka da ƙonannun ƙasusuwa a kogon Wonderwerk na Afirka ta Kudu waɗanda suka kai kimanin shekara miliyan 1.

Tsohon tsoron likitocin ƙarni na 19 ma bai mutu ba. A 2011 wata muguwar ƙwayar cutar hanji ta ɓarke a arewacin Jamus, ta kama mutum kusan 4,000, ta kashe fiye da 50. Da farko aka ɗora laifin a kan kokwambar Sifen, manomanta suka yi asara ba gaira ba dalili. Daga baya aka gano tushen abin tsiron hulba ne, wanda wata gona ta tsirar daga irin da aka sayo daga Masar. Ɗumi da laimar da ƙwaya ke bukata ta tsira, su ne ƙwayar cuta ke bukata ta hayayyafa. Waɗanda abin ya shafa masu cin salak ne kawai irin na kowa, birnin da ya fi jin jiki kuwa shi ne Hambag, inda kwalara ta yi ɓarna shekara 119 kafin nan.

Kammalawa

An rufe gidan jinyar Bircher-Benner a 1994. Tasarsa kuwa ta yi nisan da bai taɓa zato ba, sai dai ta sauya kama. Tun daga ƙarshen shekarun 1950 kamfanoni suka fara sayar da muesli a kwali, busasshen hatsi mai yawa da ɗan zabibi, wani ma gasasshe da sukari, tuffar da ita ce asalin abincin ta ɓace. A ɗaya gefen kuma shawararsa ta ainihi ta zama ra'ayin hukuma, domin a 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowane mutum ya ci aƙalla giram 400 na 'ya'yan itace da kayan lambu a rana, ɗanyu ko dafaffu. Tuffar da ke cikin tasa ɗaya ta likitan Zurik rabin wannan adadi ce.

Tarihin nan yana da amfani ga ɗalibi da ma'aikacin gwamnati ta fuska biyu. Ta fuskar lafiyar kai, majinyatan Zurik mutane ne da albashi ya zaunar a kujera ya cika musu akushi da nama da farin gari, abin da ya warkar da su kuwa shi ne ƙarin ganye da 'ya'yan itace da tattaki da barci a kan lokaci, babu wanda ya bukaci ya fasa tukunyarsa. Ta fuskar aikin hukuma kuwa, ɗanyen ganye ba ya zama lafiyayyen abinci sai inda ruwan ban-ruwa da na wanki suke da tsabta, kasuwa take da dubagari, abin sanyaya kaya kuma yake aiki. Mai ba jama'a shawarar su ƙara cin ɗanye, wajibi ne ya fara tambayar da wane ruwa za a wanke shi. Bircher-Benner ya yi wa kansa irin wannan tambaya game da madara, amsar da ya samu kuwa ita ce ta sa shi buɗe gwangwani.